Bashin da Ya Kawo Masara Gonakinmu



Mu 'yan baya mun tashi mun ga masara ta cika gonakin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, har muna ɗauka haka abin yake tun kaka da kakanni. Dattawa kuwa sun san lokacin da dawa, gero da auduga ne ke riƙe da yankin, masara sai 'yar ta bayan gida don gashi. Bashi daga ƙetare na cikin manyan abubuwan da suka sauya wannan.

A 1973 shugaban Bankin Duniya, Robert McNamara, ya bayyana a Nairobi cewa bankin zai karkata ga ƙananan manoma. A ƙarshen 1974 aka amince wa Nijeriya rancen ayyukan noma uku: Funtuwa, Gusau da Gombe. Na Funtuwa ya samu dala miliyan 29, ya gudana daga 1975 zuwa 1980, ya haɗa gundumomin Funtuwa, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari, tun Katsina ba ta zama jiha ba.

Da kuɗin aka fitar da hanyoyin karkara, aka gina cibiyoyin sayar da taki da iri, aka baza malaman gona. Ingantaccen irin masara ya haɗu da takin zamani mai rahusa, sai amfani ya ninka. Masara ta zama abincin gida kuma hajar kasuwa, auduga ta fara ja baya.

Sai dai tun a lokacin masana suka yi ƙorafi cewa malaman gona sun fi zuwa wurin masu manyan gonaki. Gwamnan Kaduna, Balarabe Musa, ya ƙi amincewa da sharuɗɗan faɗaɗa shirin zuwa dukkan jihar, musamman na damƙa manyan muƙamai ga Turawa, kafin a tsige shi a 1981.

Babbar matsalar ta fito daga baya. Masara ba ta yi sai da taki, takin kuma tallafin gwamnati ne ya sa yake da araha. Da aka shigo da SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, aka rushe Hukumar Auduga mai hedikwata a Funtuwa, daga baya kuma aka janye tallafin taki. Manomi ya riga ya saba da amfanin da ke cin taki, farashi kuma ya fi ƙarfinsa. Shi ma rancen, an karɓe shi lokacin da naira ta fi dala daraja, aka ci gaba da biyansa bayan ta karye.

Yau ma rance bai tsaya ba. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 na shirin ACReSAL ga jihohin Arewa, har da Katsina. Bashi ne, mu da 'ya'yanmu za mu biya.

Yawancin tarihin aikin Funtuwa da Turanci aka rubuta shi, daga bakin masu ba da rance da masu bincike. Waɗanda suka karɓi buhun takin farko suna nan a Sheme da 'Yankara, amma tsufa da gudun hijira suna ɗauke mana su. Mu je mu tambaye su nawa suka sayi buhu, wa ya samu, wa aka hana, mu rubuta da Hausa tun suna raye.