Jirgin 1784 da Butar Shayin Fadarmu

A fadarmu ta Sae Sabuwa, da an sallame Isha'i sai a hura gawayi a ɗora buta. Ni ne mai haɗa shayi shekara da shekaru, kuma duk kwalin ganyen da na taɓa farkewa daga ƙasar Sin ya fito. Bin sawun wannan ganye ne ya kai ni ga labarin fataken Amurka na farko da suka je Sin.

Kafin su sami 'yanci, ta hannun Ingila Amurkawa ke sayen shayi. Da suka zama masu kansu, sai suka ce zuwa da kai ya fi saƙo. Ranar 22 ga Fabrairu 1784 jirgin ruwa mai suna Empress of China ya tashi daga New York, John Green ke tuƙi, Samuel Shaw ke kula da haja. Wata shida suna bisa teku kafin su kai Kanton, tasha ɗaya tilo da sarkin Sin ya bari a buɗe ga Turawa tun 1757. A watan Mayu 1785 suka dawo da shayi, alharini, yadi da tangaran, suka ci ribar kusan dala 30,000.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kayan da suka tafi da su. Sinawa ba su da buƙatar yawancin abin da Amurka ke da shi. Sai fataken suka ɗauki kuɗin azurfa da kimanin tan 30 na jinsan, wata saiwar daji da Sinawa ke magani da ita. Da kasuwar saiwa ta cika, suka koma fatun dabbobin ruwa, sannan itacen sandal na tsibiran Hawai, har dazuzzukan suka kusa ƙarewa. Daga baya wasu attajiran Boston suka shiga safarar ofiyom daga Turkiyya, ƙwayar maye da Sin ta haramta. Sun yi arziki, amma da lafiyar mutane suka biya kuɗin shayinsu.

Kanton ɗin nan ita ce Guangzhou ta yau, inda alhazan Maraɗi ke zuwa sarin babura, atamfa, takalma da wayoyi. Tambayar da ta sha wa Shaw kai tana nan a gabanmu: idan mun je, da me muke zuwa? Mafi yawa kuɗi ne kawai a jaka.

Alhali gonakinmu na ba da riɗi, aya, gyaɗa da wake, kuma Sin na cikin manyan masu sayen riɗin Nijar. Ina kira ga 'yan kasuwarmu da ƙungiyoyin manoma su haɗa kai, a tsabtace riɗin, a auna shi da gaskiya, a tatsi mansa a nan gida, mu kai da hannunmu. Wanda ya je kasuwa da hajarsa ta halal shi ke faɗin farashi.