Ƙahon Gwanki da Sarkin Samari

A aikinmu na rediyo, duk lokacin da muka buɗe layi a kan tarbiyyar yara, sai na ji dattawa suna kukan cewa samarin yau ba su da mafaɗi. Wannan kuka ne ya sa na waiwayi tarihin ƙungiyoyi biyu, 'yan sikawut da kuma Samariya ta ƙasarmu Nijar.

A watan Agustan 1907 wani hafsan sojan Ingila, Baden-Powell, ya tara yara maza ashirin a tsibirin Brownsea. Ya raba su gida huɗu, kowane gida ya ɗora masa yaro ɗaya a matsayin jagora. Da asuba yakan tashe su da ƙahon wani irin gwanki da ya samo a yaƙin Matabele na 1896. A 1919, da aka fara horar da shugabannin sikawut a Gilwell, lambar da aka rataya musu 'yan duwatsun itace ne daga sarƙar wuyan Dinuzulu, sarkin Zulu. Ganimar yaƙin mulkin mallaka ce, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma har gobe ana rataya irin wannan lamba, ana ɗaura ƙyallen wuya, ana gaisawa da hannun hagu, ana ɗaukar alkawari a gaban 'yan uwa.

Mu kuwa tun kafin zuwan Nasara muna da namu tsarin. Kowane gari da sarkin samarinsa da muƙarrabansa. Su ne masu kiran gayya a gonar tsoho, masu gyaran rijiya da maƙabarta, masu tarbar baƙi. Bayan juyin mulkin 1974, Seyni Kountché ya farfaɗo da Samariya a duk faɗin ƙasa. Aka gina azuzuwa, aka dasa itatuwa, aka riƙa bikin matasa ana gasar waƙa da wasan kwaikwayo tsakanin jihohi. Sai dai umarni daga sama yake saukowa. Da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa a 1991, aka dubi Samariya a matsayin 'yar koren gwamnatin soja, ta bi uwar gijiyarta.

A ganina bambancin ke nan. Al'adar sikawut tana hannun yara, yaro ɗan shekara goma sha huɗu ke koya wa ƙaninsa ɗaurin igiya da hura wuta, shi kuma gobe ya koya wa wani. Samariya ma haka take a da, kafin a mai da sarkin samari ɗan aiken hukuma.

Amfanin al'ada a ƙungiyar yara shi ne ta ba yaro muƙami da nauyi tun yana ƙarami, ta sa ya ji kunyar saɓa alkawari a gaban tsararrakinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan masu unguwanni na son a dawo da gayya, su bar samari su zaɓi sarkinsu da kansu, 'yan siyasa kuma su tsaya daga nesa.