Tallafi da Mutuwar Zuciya: Ina Gizo Yake Saƙa?

Ana yawan cewa tallafin gwamnati yana kashe wa talaka zuciya, ya mai da shi ci-ma-zaune. Kafin a amince da wannan zargi, sai a auna girman talaucin da girman abin da ake bayarwa. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 133 suna cikin talauci ta fuskar lafiya, ilimi, muhalli da aikin yi. Miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke, a Sakkwato kuwa abin ya kai kusan kashi 91 cikin ɗari. Shirin tallafin da gwamnatin Buhari ta ƙaddamar a 2016 naira 5,000 ya riƙa ba gida guda a wata. Wane magidanci ne zai ajiye fartanya saboda wannan?

Mutuwar zuciyar tana nan, amma salon rabon ne ke haifar da ita. Tallafin da ba a san ranar zuwansa ba, ba a jari da shi, ba a shirin noma da shi. Ranar da ya zo ake cinye shi. Ga kuma sanayya. Idan sai kansila ko shugaban jam'iyya na mazaɓa ya sa sunan mutum, to ya koyi cewa zarya ƙofar gidan manya ta fi sana'a riba. Dubi layin rabon abinci: mata da goyo sun yi sammako, rana ta take, ana tsare su da bulala saboda 'yan mudun shinkafa. A Bauchi, cikin azumin 2024, turmutsitsin karɓar zakka ya ci rayukan mata da yara. Wanda ya jure wannan ba malalaci ba ne.

Akwai mafita. Burazil ta ɗaura tallafin Bolsa Família tun 2003 a kan zuwan yara makaranta da rigakafi, ana biya duk wata. Mu ma muna da tushe: malaman Shafi'iyya sun ce a ba mai sana'a zakkar da za ta saya masa kayan aiki. Attajirin da ya saya wa mutum goma keken ɗinki ko injin markaɗe ya fi wanda ya tara dubu yana miƙa musu 'yan canji. Hukumomin zakka na Kano da Sakkwato, da masu hannu da shuni, su mayar da mafi yawan zakka jari, a kuma kai wa mabuƙaci har gida.