Sanƙarau Da Tarihin Kurumta A Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce nuna cewa tarihin kurumta a ƙasar Hausa yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da tarihin annoba. Masana sun kasa kurumta gida biyu. Akwai wadda ke faruwa idan kunne ya toshe ko dodon kunne ya fashe, wadda sau da yawa takan warke. Akwai kuma ta can cikin kunne, inda gaɓar nan mai siffar katantanwa ko jijiyar ji ke lalacewa, wadda galibi ba ta warkewa. A kan ta biyun za mu yi magana.

Annobar Sanƙarau

A shekarar 1905 likitocin Turawa suka rubuta labarin ɓarkewar sanƙarau a Nijeriya ta Arewa. Daga nan cutar ta riƙa dawowa bayan 'yan shekaru, tana kunno kai da hunturu, ta yi ƙamari da bazara, ta lafa da faɗuwar damina. A 1963 wani likitan Faransa, Lapeyssonnie, ya zayyana yankin da take addaba a kudu da Sahara, ƙasar Hausa kuwa tana tsakiyarsa. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu.

To, amma ɓarnar ba ta tsaya ga mamata ba. Ƙwayar cutar takan ratsa daga rufin ƙwaƙwalwa zuwa cikin kunne, ta kashe ƙananan gasun da ke karɓar sauti, su kuwa ba sa sake tsirowa. Yaron da abin ya shafa kafin ya iya magana yakan tashi bebe.

Sauran Dalilai

Ƙyanda da hangum su ma sukan kurumtar. Haka nan zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a 1969, yakan taɓa jin wasu daga cikin waɗanda suka tsira. Hatta magunguna irin su kwinin da allurar sitiraftomaisin ta tarin fuka sukan lalata ji.

Kammalawa

Rigakafin MenAfriVac, wanda ya iso Nijar a 2010 da Nijeriya a 2011, ya karya lagon nau'in A na sanƙarau, amma nau'in C ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato a 2017. Saboda haka ya wajaba a riƙa auna jin duk yaron da ya tashi daga sanƙarau kafin a sallame shi, domin a fara koya masa maganar hannu da wuri idan buƙata ta taso.