Ƙauyen Kwali: Tarihin Masu Gina Duniya a Gefen Ƙaramin Dogo

Da aka ce layi ya zo kaina, sai na ce bari yau mu huta da tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe, na kawo tarihin wani abu da za a iya yi wa kallon wasan yara, alhali akwai dattawan da suka ƙarar da rayuwarsu a kansa.

Duk wanda ya tashi a unguwa irin tamu ya san motar kara da motar langa-langa. Ni ma na yi, daga baya kuma lokacin da nake difloma a fannin zanen gine-gine na sha kwana ina yanka kwali da reza ina haɗa samfurin gida saboda aikin jarrabawa. A nan ne wani malaminmu ya fara ba mu labarin Turawan da ke gina ƙaramin layin dogo a cikin ɗaki, da tasha da gada da duwatsu da gonaki, jirgi ɗan mitsitsi yana ratsawa da wutar lantarki. Abin da ya ja hankalina ba jirgin ba ne, jirgin ai a kanti ake saye. Ƙasar da ake gina masa ita ce aikin.

Da farko babu wannan ƙasar sam. A 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya kai jirgin wasa bajekolin birnin Leipzig, da dogo guntu-guntu da ake harhaɗawa, kuma ya tsayar da faɗin dogon yadda abin da ka saya bana zai dace da na baɗi. Dabara ce ta kasuwa: uba ya sayi jirgi, wata shekara ya ƙaro tarago, wata ya ƙaro tasha. Amma tashoshin na gwangwani ne mai ƙyalli, a tsakar ɗaki ake shimfiɗa dogon, a naɗe idan an gama. Jiragen manya ne, idan ka kewaya ɗaki da dogo ba sauran wurin tudu ko kogi. Sai da aka ƙanƙantar da su, musamman daga shekarun 1920 zuwa 1930, har aka samu ma'aunin da Ingila ta riƙe na kashi 1 cikin 76, sauran Turai da Amurka kuma kashi 1 cikin 87, sannan fili ya samu a kan tebur. Da fili ya samu sai tambaya ta taso: me za a zuba a ciki?

Cikin waɗanda suka fara amsawa akwai John Ahern, wani ma'aikacin inshora a Landan. Tun shekarun 1930 ya fara gina layin da ya kira Madder Valley, wani kwari da ya ƙago da kansa, mai tashar jiragen ruwa da ƙauyuka da shaguna. Mutanen zamaninsa hankalinsu na kan injin, ko ƙafafunsa sun yi daidai, ko hayaƙinsa a inda ya dace yake fita. Shi kuwa ya ce jirgi ba ya tafiya haka kawai, daga wani gari yake zuwa wani, akwai abin da yake ɗauka, akwai masu jiransa. Ya rubuta littattafai kan gina ƙananan gidaje da shimfiɗar ƙasa, kuma da su da yawa suka koyi sana'ar.

Amma wanda ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Roye England. An haife shi a Ostireliya a 1906, ya zo Ingila a 1925 yana saurayi, ya sauka wurin 'yan uwansa a ƙauyen Wanborough kusa da Swindon. Yankin ana ce masa Kwarin Farin Doki, saboda wani ƙaton hoton doki da mutanen da suka sassaƙa a jikin tudun alli kimanin shekara dubu uku da suka wuce, har yau yana nan. Ƙasar noma ce, gidajen jinka, dawakin huɗa, ga babban layin dogo daga Landan zuwa Bristol ya ratsa ta tsakiya. Baƙo ya fi ɗan gari ganin gari. Roye ya ga abin da mutanen wurin suka saba da shi har ba sa gani, ya kuma ga yana tafiya. Ana rushe tsofaffin gidaje da sunan sun lalace, waɗanda suka tsira kuma ana sabunta su. Akwai wata tsohuwar mashaya a ƙauyen mai suna Calley Arms, a gabansa aka yaye mata jinka aka rufa mata asbesto mai ruwan hoda. Ba shi da kuɗin sayen gidajen, ba shi da ikon hana masu su. Abin da yake da shi keke ne, da abin awo, da kyamara, da littafin rubutu.

Sai ya shiga ƙauyuka yana auna gidaje. Faɗin ƙofa, tsayin taga, kaurin bango, launin kowane ɓangare, inda bango ya karkace, inda aka yi faci da wani irin bulo daban. A 1931 ya fara gina samfurin waccan mashaya yadda take kafin a taɓa ta, ya sa mata suna Waggon and Horses. Shekara biyar ya yi a kanta.

Na san wani zai ce shekara biyar a kan gidan da bai fi kwalin takalmi ba, ai wannan rashin aikin yi ne. To mu yi lissafi tare. A ma'aunin 1 cikin 76, ƙafa guda ta zama milimita 4. Mutum mai matsakaicin tsayi bai wuce milimita 22 ba. Jan bulo na Ingila mai tsawon inci 9 ya koma milimita 3, kaurinsa kuma milimita guda. Roye ba ya buga hoton bulo ya manna. Farin kwali yake samu, ya bi shi da tsinin ƙarfe yana fitar da layin kowane bulo, sannan ya ɗauki burushi mai siririn baki ya shafa wa kowanne nasa launin da fentin ruwa, domin a bangon gaske babu bulo biyu masu launi ɗaya: wani ya ƙone a wuta, wani ruwa ya ci shi, wani gansakuka ta hau. Jinka kuwa da gashin mutum aka fara yin ta, ana ɗaura shi dami-dami ana jerawa daga ƙasa zuwa sama kamar yadda mai baibaya yake yi da shuci, a daddatse da almakashi. Daga baya aka koma amfani da zaren rama irin na masu gyaran famfo. Har cikin ɗakunan akwai kujeru da murhu da fitila, abin da mai kallo ba zai gani ba sai ya durƙusa ya leƙa ta taga. Ni da na taɓa yin kwana uku a kan matakalar bene guda ta kwali kuma ta fito a karkace, ban ga tsawon shekara biyar ɗin ba.

A 1954 ya samu wata tsohuwar mashaya a ƙauyen Long Wittenham, ya mayar da ita masaukin matasa matafiya, ya fara nuna ayyukansa a nan. Wannan shi ne asalin gidan tarihin Pendon. Masu hannu suka fara taruwa. Guy Williams, wanda ya shahara da ƙera ƙananan injinan jirgi, ya gina doguwar gadar katako irin wadda injiniya Brunel ya yi a kan kogin Walkham, gadar da tun 1910 aka sauke katakonta. Bayan rasuwar Ahern a 1961, shi ma layinsa Pendon aka kai shi, yana can har yau. Babban aikin dai shi ne shimfiɗar Kwarin Farin Doki, mai tsawon kusan mita 21 da faɗin mita 9. A wannan ma'auni mita 21 mil guda ne kacal, don haka ba kwarin ne aka kwafe sukutum ba. Ƙauyen da ke ciki, Pendon Parva, babu shi a taswira. Gidajen ne na gaske, an tsinto su daga ƙauyuka daban-daban an zaunar da su wuri guda, yadda suke a wajen 1930.

A nan zan faɗi ra'ayina, wanda ya ga dama ya yi min gyara a ƙasa. Ƙauyen Roye ya fi ƙauyen gaskiya kyau. Gidajen jinkar nan da yawansu leburorin gona ne a ciki, ga danshi, ga duhu, ba famfo, ba lantarki. Matar da aka yaye wa jinka aka sa mata rufin da ba ya yoyo, ba na jin ta yi kuka. Kwali ba ya ɗaukar sanyi ko tari. Mu ma nan haka muke, muna yaba soro da zanko da daɓe a hoto, amma wanda ya samu kuɗi bulo da kwano yake saye, kuma ba zan ga laifinsa ba tunda shi ke yaɓe duk damina. Sai dai duk da haka, wanda ke son sanin yadda maginin wancan yanki yake haɗa alli da bulo da katako a bango guda, yau wani gidan a Pendon kaɗai zai gan shi, don na gasken ya daɗe da zama fili.

A Amurka kuma wani ne ya bi ta wata hanyar. John Allen mai ɗaukar hoto ne a garin Monterey na jihar Kalifoniya, kuma idon mai hoto ya kawo cikin harkar. Ya lura cewa abin da ke tona asirin samfuri shi ne tsabta. Komai sabo fil, kamar yau aka fito da shi daga kanti, alhali tashar gaske tana da tsatsa, baƙin hayaƙi, tagar da ta fashe, katakon da rana ta cinye. Sai ya riƙa tsofar da gine-ginensa da gangan. Wani ɗakin ajiye injin da ya gina a ƙarshen shekarun 1940 ya yi suna har ya ci gasa, saboda ya sa masa tattabaru a kan rufi, da kashinsu. Layinsa na ƙarshe, Gorre & Daphetid, ya fara shi a 1954 a ƙarƙashin gidansa. Duwatsun filasta sun tashi tun daga daɓen ɗaki har sama da kan mutum, yadda mai kallo a cikin kwazazzabo yake tafiya, gadoji sama da ɗari suna ƙetare shi. Ya ɓoye madubai a lunguna don titi ya zama kamar ya ci gaba, ya ƙanƙantar da gidajen da ke can baya fiye da na gaba don ido ya ɗauka nisa ne. Roye gaskiyar awo yake bi, Allen kuwa yadda ido ke ruɗuwa ya karanta.

Allen ya rasu ranar 6 ga Janairun 1973. Kwana goma bayan haka abokansa suka taru a gidan suka tuƙa jiragen, suna shawarar yadda za a adana aikin. Bayan sun watse wuta ta tashi daga na'urar ɗumama ɗaki. Aikin kusan shekara ashirin ya ƙone a dare ɗaya. Abin da ya rage 'yan injina ne da suka sha wuta, da hotunan da shi da kansa ya ɗauka.

Kayan aiki sun sauya sosai tun daga lokacin. Da dusar katako ake rinawa kore a barbaɗa a ce ciyawa ce, tudu kuma a yi shi da ragar waya ko tsinken kwali a lulluɓe da takarda mai filasta. Yanzu soso mai tauri ake sassaƙawa, ciyawa kuma siraran zare ne da ake zubawa a kan gam da wata na'ura mai cajin lantarki, sai su miƙe tsaye. A Hambug ta Jamus tagwaye Frederik da Gerrit Braun sun buɗe Miniatur Wunderland a 2001, dogonsa ya haura kilomita 16, har da filin jirgin sama, dare yana yi gari yana wayewa duk minti 15. Abin kallo ne, miliyoyi sun je. Amma ni idan aka ba ni tikiti guda, Long Wittenham zan nufa.

Dalilina kuwa na gida ne. Jirgi ya iso Kano a 1911. An yi ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Jos wanda aka rufe a 1957, aka kwashe ƙarafunsa. Dalar gyada da ke gefen dogo a Kano yanzu sai a hoto. Wanda zai zauna yau ya ce zai gina tashar Kano ta wancan zamani a kan tebur, da dala da rumbunan kamfanoni da 'yan dako, hoto zai ba shi fuskar gini ɗaya, sauran ukun fa? Mun taɓa samun mai irin haƙurin Roye: Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, wanda ya zo Nijeriya a 1958 ya bi gari-gari da ma'aikatansa suna auna gine-ginen gargajiya. Daga awonsa aka gina kwafin masallacin Juma'a na Zariya da wani ɓangare na ganuwar Kano a gidan tarihin gine-gine da ke Jos. Sai dai nasa da ƙasa aka yi su, da girmansu na gaske, a fili, ruwan Jos yana dukansu kowace shekara.

Roye England ya rasu a 1995, shekara 64 bayan ya yanka kwalin farko, kwarin bai kammalu ba. Masu aikin sa-kai ne suka ci gaba, wasunsu ba a haife su ba lokacin da ya auna gidajen. Suna buɗe littattafansa su ɗauki awon gidan da ba su taɓa gani ba, su zauna da burushi. Waggon and Horses tana nan a cikin ƙauyen da jinkarta.