Daga Farin 1973 Zuwa Famfon Sola: Sauyin Yanayi, Kasuwa da Siyasa a Kudancin Katsina

A Amurka, jam'iyyu na jayayya ne kan ko sauyin yanayi gaskiya ne: Trump ya fitar da ƙasar daga yarjejeniyar Paris, Biden ya mayar da ita a 2021, Trump ya sake sa hannu kan ficewa a 2025. A Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa babu mai wannan musu. Kowane manomi ya san damina ta canza hali, tana jinkirin sauka, tana ɗaukewa masara na tsaka da fitar da goyo. Rigimarmu a kan wa zai ci riba ce, da kuma wa za a ɗora wa laifi.

Tushen labarin yana cikin farin 1972 zuwa 1974, lokacin da dabbobi suka yi ta mutuwa a Sahel, makiyaya suka gangaro kudu neman ciyawa a dazukan Rugu da Kogo. A 1975 aka buɗe Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya, kuma Faskari da Ƙanƙara na cikin yankinsa. Ya kawo takin zamani da ingantaccen iri da hanyoyin karkara. Masarar da a da ake shukawa a bayan gida ta zama amfanin sayarwa, manoma da yawa suka samu rufin asiri. Sai dai gonaki sun yi ta faɗaɗa har suka cinye burtali da mashaya. Da farin 1983 da 1984 ya zo, makiyayi ya tarar da shuka a inda shanunsa suka saba bi.

Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, taki ya shiga hannun siyasa. A zamanin PDP, haka kuma bayan APC ta karɓi jihar a 2015, kukan manoma bai canza ba: rabo na biyowa ta hannun shugabannin mazaɓa, buhu kuma ya ɓullo a kasuwa da tsada. Da ta'addanci ya yi ƙamari, har aka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, sai sauyin yanayi ya zama hujja. Mai mulki ya ce hamada ce ta haddasa rikicin, ɗan adawa ya ce sakaci ne. Kowannensu ya riƙe rabin gaskiya ya yar da rabi.

Kuɗi kuwa sun shigo. An kafa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa a 2015, Katsina na cikin jihohi 11 da ta shafa. A 2021 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar sauyin yanayi, Bankin Duniya kuma ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a Arewa.

A ƙasa, kasuwar ta rabu biyu. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023, mai noman rani da fetur ya gagara ya koma famfon sola: faranti biyu ko uku a jingine bakin fadama, tiyo na kwararo ruwa cikin kwamin tumatir tun hantsi. Matasa sun koyi haɗa shi da gyara shi, masu sayar da iri mai saurin nuna sun samu ciniki. A ɗaya gefen, tsadar gas da kananzir ta ɗaga darajar gawayi, ga buhuna nan jere a bakin hanyar Funtuwa zuwa Gusau, kowane buhu da bishiyar da aka kayar dominsa. Gwamna Masari ya hana motoci ɗauko itace daga daji a 2021, amma dokar ta tsaro ce, ba ta ba mai girki abin da zai maye gurbin itacen ba.

Cin riba ba laifi ba ne, in dai sana'ar na raya ƙasa. Abin da ya rage wa mai zaɓe shi ne ya daina karɓar lissafin dashen da aka yi a gaban kyamara. Ya tambayi kowane ɗan takara, ko daga wace jam'iyya ya fito: bishiya nawa ta rayu, burtali nawa aka dawo da shi, kuma yaushe manomin Sabuwa zai shiga gonarsa ba tare da ya biya ɗan bindiga haraji ba?