Kaset ɗin Shata da sunan Tupac a bayansa

Kiɗan da ƴan kwalej suke kira na ƙauye a ƙarshen shekarun 1990, shi ne kiɗan da gwamnati take tinƙaho da shi shekara goma sha biyar kafin nan. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, rediyo ɗaya gare mu, Muryar Sahel, kuma abin da ta sa shi kowa zai ji, daga Tawa har Damagaram. Samariya ce ke riƙe da matasa a kowace unguwa, kowace jiha tana shirya mawaƙanta da ƴan rawarta don bikin matasa na ƙasa. Gasar kokawa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, ba ta yiwuwa sai da makaɗa a bakin fili. A 1987 kuma aka ƙirƙiro gasar kiɗan zamani, aka sa mata sunan Ɗan Gurmu, mai gogen nan na Tawa. Masu jita da piyano suna takara, kyautar kuwa tana ɗauke da sunan mai goge. A lokacin babu wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Taron ƙasa na 1991 ya sauya abubuwa da yawa, har da abin da kunnen yaro ke ji. Samariya ta yi sanyi, aka buɗe ƙofa ga rediyoyi masu zaman kansu, R&M da Anfani suka fara a Yamai a tsakiyar shekarun, daga baya wasu suka iso Maraɗi da Damagaram. Yajin aiki da shekarun karatu da suka lalace sun bar samari zaune a ƙofar gida, sai fada ta maye gurbin samariya: tabarma, butar shayi a kan gawayi, da rakoda. A fada kuwa ba a sa abin da uba ke ji. Ana sa Tupac, ana sa MC Solaar, ana sa Koffi Olomide, sannan namu na gida suka taso, su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya da Wass-Wong. Kalangu da kotso suka koma kiɗan tsofaffi da direbobin tasha.

A wannan lokacin na shiga kwalej a Maraɗi, ina da shekara goma sha uku, kuma Mamman Shata nake so. Ba wanda ya koya mini. Wani maƙwabcinmu mai ɗinki ne yake sa shi tun safe har la'asar, ni kuwa idan an aike ni sai in ja ƙafa a bakin shagonsa. Da na tara kuɗin kalaci na sayi kaset a kasuwa, irin waɗanda ake shigowa da su daga Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa. Na ɓare takardar da ke bayansa, na manna wata, na rubuta Tupac da manyan baƙaƙe. Duk wanda ya buɗe jakata abin da zai gani ke nan. Da dare nake ji, murya ƙasa-ƙasa, rakoda a ƙarƙashin zane, idan waƙa ta ƙare in zura biro a ramin kaset in juya da hannu don kada batir ya mutu.

Da Shata ya rasu a watan Yuni na 1999, wata biyu bayan kisan shugaba Baré, mai ɗinkin nan ya wuni bai taɓa keke ba. Ni na tafi lakwal kamar kullum, ban ce wa kowa komai ba, don babu wanda zan yi wa ta'aziyya ba tare da asirina ya tonu ba.

Abin da nake ɓoyewa ya fi tsufan kiɗa nauyi. A ƙasar Hausa roƙo sana'a ce ta gado, kuma ɗan gida ba ya son a haɗa shi da ita. Sarki yana son a wasa shi, attajiri yana kyautar doki ko mota, amma ba kowa ke ba maroƙi ƴarsa ba. Wannan rainin ya girmi rediyo, ya girmi lakwal. Da yaro ya nuna ya haddace waƙa, tsokanar farko ita ce a tambaye shi ko gidansu maroƙa ne. Lakwal kuma ta ɗora nata a kai. An buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, amma mafi yawanmu ba ta can muka bi ba. Mun bi ta ajin da yin Hausa laifi ne, inda ake rataya wa yaro alama a wuya har sai ya kama wani. Yaron da aka hora a kan harshen nan yana ɗan shekara takwas, ba abin mamaki ba ne idan ya kai sha uku yana jin kunyar waƙar da aka yi da shi.

Sannan ga wa'azi. A Maraɗi ta wancan lokacin malamai da yawa suna jan kunne a kan kiɗa, musamman goge, saboda alaƙarsa da bori da wuraren sha. Ba zan shiga wannan muhawara ba, tana da masu ita. Abin da na sani shi ne yaro irina yana tsakanin bango biyu: abokai su ce ƙauyanci, a gida a ce shashanci. Mai jin rap aƙalla yana da ƴan'uwa a fada.

Ni dai a kaset ɗin nan na koyi Hausar da ba a koya mini ko'ina ba. Na koyi yadda ake faɗin magana a kaikaice ta fi ta kai tsaye zafi, yadda ƴan amshi ke riƙe wa mai waƙa wuri har ya numfasa ya dawo, yadda kalangu ke maimaita jimla ka gane ta ba tare da an furta ba. Daga Shata na wuce ga Ɗan Anace da ƴan dambensa, ga Ɗanƙwairo, ga Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram. Sunayen garuruwa da sarautu da na riƙa ji a bakinsu, su ne suka fara sa ni tambayar me ya haɗa Maraɗi da Katsina, me ya kawo Gobirawa Tsibiri. Mushen tarihi ya ba ni amsa a shekarar da ta biyo, amma tambayar daga ƙarƙashin zane ta fito.

Rap ɗin ma da aka raina mu dominsa bai daɗe yana kwaikwayon Amurka ba. Ƴan Nijar da suka yi suna a cikinsa da Hausa da Zabarmanci suka yi shi, suna zambo da habaici ga masu mulki, aikin da maroƙa suka daɗe suna yi. Malam Mamane Barka, wanda malamin lakwal ne kafin ya riƙi gurumi, ya tafi tafkin Cadi a 2002 ya koyi biram wajen wani dattijo Buduma, ya zagaya Turai da shi kafin rasuwarsa a 2018. Abin da muke ɓoyewa a jaka, can tikiti ake saye a je a ji shi.

Mu bakwai ne a fadarmu. Shekara ashirin bayan nan, wani ya turo waƙar Shata a zaurenmu na WhatsApp, sai hira ta ɓarke har tsakar dare. Mutum huɗu suka ce su ma suna da nasu kaset ɗin a lokacin. Ɗaya ya ce nasa a cikin buhun gero yake ajiye shi. Wanda ya fi kowa tsokana a cikinmu, mai faɗaɗɗen wando da hular da aka juya baya, shi ne ya rubuto mana amshin gaba ɗaya daga ka, bai tsallake ko kalma ɗaya ba.